Kafin Ku Ce "Ai Tsufa Ne"

'Ya'yana, akwai maganar da nake so ku riƙa aunawa kafin ta fito daga bakinku, wato "ai tsufa ne." Ni ma na faɗe ta, kuma har yau tana ci mini rai.

Shekara uku Inna, Allah ya ji ƙanta, tana laluben bango kafin ta kai bakin randa. Ta bar kaɗi, ta bar tsintar shinkafa, jika ma sai ya yi magana take shaida shi. Muka ce tsufa ne. Ashe yanar ido ce. Aikin da aka yi mata bai ci awa ɗaya ba. Washegari da aka cire mata auduga, ta ƙura mini ido ta ce, "Wai kai ne da furfura haka?" Na yi dariya a gabanta, na fita zaure na share hawaye. Irin wannan aiki kullum ana yin sa a Asibitin Ido na ECWA da ke Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, mu kuwa muka bar ta cikin duhu.

Hawan jini ba ya sallama. Ku riƙa auna tsofaffinku, idan awo yana kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ga likita. Maganin kuma ba a ajiye shi don an ji sauƙi, ta nan shanyewar ɓarin jiki ke samun ƙofa. Da bazara ku miƙa ruwa ba sai an tambaya ba, domin tsoho ba ya jin ƙishi kamar ku. Wanda ciwo ya kwantar, a juya shi duk bayan awa 2, a duba ƙugu da diddige, wuraren da gyambo ke fara kamawa.

Abin da ya fi damuna shi ne rikicewa. Tsohuwa ta kira mijinta da ya daɗe da rasuwa, ko ta rantse an sace mata zane, sai ka ji ana raɗa, wai ta taɓu, wani ma ya ce mayya. Subhanallahi! Ciwo ne a ƙwaƙwalwa. Kada ku yi musu da ita. Ku ce, "To Kaka, bari mu duba tare."

A 2018 aka sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, ta fara aiki a 2021. Madalla, amma Abuja da ɗakin Kaka akwai tafiya. Ku da ke birni kuna turo kuɗi ta waya, Allah ya yi albarka, sai dai waya ba ta ganin kwanon tuwon da aka mayar ba a taɓa ba saboda haƙori ya ƙare. Suruka guda da aka bar wa wanki da goyo da jinya, ita ma mutum ce. Ku raba kwana, ku karɓe ta.

Ranar Juma'a idan an sauko masallaci, ku shiga ku zauna a tabarmar Kaka. Ku yanke mata farce, ku duba tafin ƙafa, ku ƙirga ƙwayoyin da suka rage a leda. Za ta ce lafiya lau, don ba ta son ɗora muku nauyi. Kada ku tashi tukuna. Inna sai a tambaya ta uku take nuna inda ke mata ciwo.