Ɗaga Mota Ba Sa Dogon Sifirin Kaɗai Ba Ne: Darasi Kan Sandar Gicciye ta Baya



Duk wanda ya san hanyoyin da ke fita daga Dutsin-Ma zuwa ƙauyukan bakin dam ɗin Zobe, ko daga Kurfi zuwa Birchi da Wurma, ya san halin da suke shiga a watan Agusta. Ruwa ya zaizaye hanya, ga rairayi, ga kwazazzabo, sai ka ji cikin mota yana gugar ƙasa. Shi ya sa masu manyan motoci ke kai su gareji a ɗaga su. Abin da akasari ake yi shi ne a cire sifirin na asali a sa wanda ya fi shi tsawo, a canza shokazoba, a karɓi kuɗi, shi ke nan. Amma akwai wani ƙarfe guda a bayan motar da ba kasafai ake kula da shi ba, alhali shi ke riƙe da aksil ɗin baya a tsakiya. A kansa nake son mu yi darasinmu na wannan fitowa.

Mece ce sandar gicciye?

A littattafanmu sunanta sandar Panhard, sunan wani tsohon kamfanin motoci ne na ƙasar Faransa wanda ya fito da ita. Ni a nan zan kira ta sandar gicciye, domin a gicciye take kwance a ƙarƙashin mota. Kai ɗaya yana ɗaure a jikin shasi, ɗaya kan kuma a jikin aksil ta ɗaya ɓangaren, kowane kai da bushin ɗinsa na roba. Aikinta guda ne: ta bar aksil ya yi sama da ƙasa, amma ta hana shi zamewa hagu ko dama.

Ba kowace mota ke da ita ba. Hilux, alal misali, sifirin bayanta na falle-falle ne, kuma shi kansa yana riƙe aksil ta gefe, don haka ba ta bukatar wannan sanda. Amma sifirin mai naɗi nauyi kawai yake iya ɗauka. In ka tura shi ta gefe sai ya karkace. Saboda haka motocin da ke da aksil guda a baya tare da sifirin mai naɗi, irin su Prado da 4Runner da Land Cruiser samfurin 80 da Nissan Patrol, za ka same su da ita. Abu na farko kenan: leƙa ƙarƙashin motar ka ga irin sifirin da take da shi kafin ka yi wa mai ita alkawarin komai.

Me ke faruwa in an ɗaga mota?

A nan ne lissafin Fitagoras da muka yi tun sakandare yake amfani. Sandar nan tsawonta ba ya canzawa. In aka ɗaga shasi, kan da ke jikinsa ya yi sama, wanda ke jikin aksil yana nan inda yake, sai sandar ta ƙara karkata. Sandar da ta karkata kuwa ba za ta kai nisan da take kaiwa a kwance ba. Ka jingina tsani a bango ka gani: duk lokacin da ka ƙara ɗaga kansa, gindinsa matsowa yake yi kusa da bangon. Haka sandar ke jawo aksil zuwa ɓangaren da take ɗaure da shasi.

Bari mu sa lambobi don misali. A ce tsawon sandar milimita 1,000 ne, kuma tun daga kamfani kan da ke shasi ya fi na aksil tsayi da milimita 100. Ninka 1,000 da kanta, ka cire 100 da aka ninka da kanta, saura 990,000. Lambar da za ta ba da wannan in an ninka ta da kanta ita ce kusan 995. Wannan shi ne nisan da ke tsakanin kawunan biyu a kwance.

To, an ɗaga mota da inci 2, wato kusan milimita 50. Bambancin tsayi ya koma 150, nisan kwance ya koma kusan 989. Aksil ya goce da milimita 6 kenan. In kuma inci 4 aka ɗaga, bambancin ya zama 200, nisan ya koma kusan 980, gocewar ta kai milimita 15. Ka lura, ɗagawar ninki biyu aka yi, amma gocewar ta fi ninki biyu. Kuma in ka auna daga waje za ka ga bambancin milimita 30 tsakanin tayoyin biyu, domin ɗaya ta shige ciki da 15, ɗaya ta fito da 15.

Wani zai ce, haba, milimita 15 har wani abu ne? Abu ne mana. Tayar baya ba ta bin sawun ta gaba daidai. Tayar da ta shige ciki tana iya gugar shasi ko shokazoba in mota ta faɗa rami. Sauran ƙarafan da ke riƙe da aksil suna zama a murɗe, bushin ɗinsu ya mutu da wuri. Sifirin ba ya zama a miƙe a mazauninsa. Lokacin da nake aikin koyon sana'a a wani gareji a Dutsin-Ma, an kawo wata Prado da aka ɗaga a wani wuri, mai ita yana kukan cewa bayanta na yin rawa a kan gargada. Ogana bai ce komai ba, tef ɗin awo kawai ya miƙo mini ya ce in auna daga shasi zuwa bakin kowace taya. Awon ne ya ba mu amsa kafin mu taɓa sifana.

Magani iri biyu ne

Na farko shi ne sanda mai zare, wadda ake iya ƙara mata tsawo ko a rage, sannan a kulle da noti. A misalinmu na inci 4, sai an mayar da ita kusan milimita 1,015 kafin aksil ya dawo tsakiya. Sai dai a kula, wannan ya gyara zaman aksil ne lokacin da mota ke tsaye, amma karkatar sandar tana nan. In bayan motar ya yi sama da milimita 50 a kan tudu, aksil zai ja gefe da kusan milimita 11, alhali a yadda kamfani ya yi ta kusan 6 ne kawai. Wannan jan da saki shi ne rawar da direba ke ji.

Na biyu shi ne mazauni na ƙari da ake ɗaurawa a jikin aksil, ya ɗaga kan sandar sama gwargwadon yadda aka ɗaga motar. Da shi sandar ke komawa kwanciyarta ta asali, rawar ta ragu. A ƙaramar ɗagawa, sanda mai zare takan wadatar. In ɗagawar ta yi yawa, mazaunin ne ya fi, wani lokaci ma a haɗa biyun.

Akwai hanya ta uku da ake yi a wasu wurare, wato a yanke sandar a yi mata ƙari da walda. Don Allah kar mu koyi wannan. Duk nauyin da ke tura mota gefe a kan kwana ta cikin wannan ƙarfe yake bi. In waldar ta balle ana cikin gudu, bodi zai zame a kan aksil, kuma direba ba shi da abin yi. Ko ba a yi haɗari ba, kowa ya san yanayin tsaro a yankinmu: ba wanda ke son mota ta tsaya masa a daji da magariba.

Yadda ake ɗaura ta

1. Ajiye mota a kan daɓe mai daidai, ba a kan rairayi ba. Sa waigi a tayoyin gaba. Kafin ka kwance komai, auna daga shasi zuwa gefen kowace tayar baya, a wuri iri ɗaya hagu da dama, ka rubuta.

2. Ɗaga motar da jak, ka tokare shasi da karagar ƙarfe. Kar ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kar kuma ka yarda da tarin bulo.

3. Fesa wa notunan man da ke sassauta tsatsa, ka jira kaɗan, sannan ka kwance tsohuwar sandar. Duba ramukan mazauninta. In rami ya faɗaɗa ya zama kamar ƙwai, sabuwar sanda ma ƙara za ta riƙa yi, sai an gyara shi tukuna.

4. Sa sabbin sifirin da shokazoba. Yayin da aksil ke rataye, duba tiyon birki, da wayar birkin hannu, da wayoyin na'urar ABS, da ɗan tiyon da ke shaƙar wa aksil iska. Duk wanda ya miƙe ya yi tauri, sai an sauya shi da mai tsawo ko a matsar da maƙalinsa. Tsofaffin Land Cruiser suna da wani bawul da ke rage ko ƙara ƙarfin birkin baya gwargwadon kayan da aka ɗora. In an ɗaga mota ba a gyara sandarsa ba, zai ɗauka motar ba kaya, ya rage birkin baya.

5. In za ka sa mazauni na ƙari, ɗaura shi yanzu. Sannan ka maƙala kai ɗaya na sandar, ka sa noti da hannu kawai, kar ka ɗaure.

6. Sauke motar a kan tayoyinta. Danna bayanta sau da yawa, ka ɗan tura ta gaba da baya don sifirin ya zauna.

7. Sake yin awon farko. A sa mutum biyu su tura bodi ta gefe, ko a ja shi da bel mai ƙugiya, har awon hagu da na dama su zo ɗaya.

8. Yanzu juya zaren sandar har ramin ɗaya kan ya zo daidai da na mazauni, ƙusar ta shige ba da guduma ba. Sandar ce ke bin aksil, ba aksil ke bin sanda ba. Ka tabbata zaren da ya rage a ciki bai gaza abin da masu ƙera ta suka ce ba.

9. Ɗaure ƙusoshin biyu alhali nauyin motar yana kan tayoyinta. Wannan shi ne inda aka fi kuskure. In ka ɗaure mota tana rataye, da an sauke ta robar bushin za ta zauna a murɗe har ta yage. Yi amfani da sifana mai awon ƙarfi, ka bi adadin da ke littafin wannan motar, domin kowace da nata. Daga nan ka kulle notin zare, ka ja layin fenti a kansa yadda in ya motsa za a gani.

10. Duba ko sandar na kusa da taɓa salansa, ko safaya taya, ko ƙoƙon aksil. Gwada motar a hankali a kan gargada, ka kai ta a duba saitin tayoyi. Ka ce wa mai ita ya dawo bayan 'yan kwanaki a sake bin notunan.

Abin da za ka faɗa wa mai mota

Ko an yi aikin nan yadda ya kamata, motar da aka ɗaga nauyinta ya koma sama, kuma ta fi saurin kifewa a kan kwana, balle in an lafta mata buhuna a rufi. Haƙƙinka ne ka gaya masa haka ƙarara. In bukatarsa ta biya da inci 2, kar ka biye masa a yi 4 don ado. Sannan ka fahimtar da shi cewa tsayin ƙoƙon aksil daga ƙasa ba ya ƙaruwa da dogon sifirin, girman taya ne kaɗai ke ƙara shi. In za a sayo sandar daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a tafi da tsohuwar, a gwada faɗin bushin da girman ramin ƙusa kafin a biya kuɗi.

Shawarata ga 'yan uwa da za su fita koyon aiki ita ce ku riƙa yawo da tef ɗin awo da ɗan littafi a aljihu. Ogannin gareji sun fi mu sanin ƙarfe nesa ba kusa ba, mu kuma an koya mana lissafin da ke bayyana abin da suke gani. In ka haɗa biyun cikin ladabi, ba ka nuna ka fi kowa sani ba, za su saurare ka. Wanda ke da tambaya ko gyara, ya aiko ta hannun editan mujalla.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu a kan hanyoyinmu.