Darasi: Yadda Ake Gane Ko Tattalin Arzikin Ƙasa Ya Farfaɗo

'Yan'uwa manoma, sau da yawa mukan ji an ce a rediyo tattalin arzikin ƙasa ya farfaɗo. Kafin ƙungiyarmu ta ci bashi ko ta ƙara faɗin gona saboda wannan labari, ya kamata mu san yadda ake auna shi. Za mu ɗauki misalin abin da ya faru a Nijeriya daga 2016 zuwa 2018.

Abin da ya faru

A tsakiyar 2014 ana sayar da gangar ɗanyen mai fiye da dala 100. Zuwa Janairu 2016 ta faɗi ƙasa da dala 30. A wannan shekara kuma aka yi ta fasa bututun mai a yankin Neja Delta, man da ake haƙowa ya ragu. Abin da ƙasa ta samar a 2016 ya ragu da kashi 1.6 bisa ɗari. A Satumba 2017 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da sanarwa cewa an fita daga durƙushewar. Ba ƙarya ta yi ba. Amma ƙaruwar 2017 duka kashi 0.8 ce, alhali kuwa yawan jama'a yana ƙaruwa da wajen kashi biyu da rabi kowace shekara. Wato tuwo ya ƙaru kaɗan, masu ci sun ƙaru fiye da shi. Saboda haka sai mu duba ma'auni uku.

Na ɗaya: ciniki da ƙasashen waje

Ana kwatanta kuɗin kayan da ƙasa ta fitar da na kayan da ta shigo da su. A 2016 abin da Nijeriya ta sayo ya fi abin da ta sayar. A 2017 abin ya juya, domin kuɗin mai ya hau, fasa bututu kuma ya lafa. Amma a lura, ɗanyen mai shi ne wajen kashi huɗu cikin biyar na abin da aka fitar. Koko da riɗi da yazawa da citta rabonsu kaɗan ne. Wannan ma'auni labarin mai yake ba mu. Duk da haka ya shafe mu, gama da dala ake sayo maganin ciyawa da injin ban ruwa da kayan gyaransa.

Na biyu: abin da mutane ke iya saye

A Janairu 2017 tsadar kaya ta kai kashi 18.7 bisa ɗari. Ma'anarsa, cefanen da aka yi da naira 1,000 bara, bana sai da naira 1,187. A Fabrairu na shekarar dala ɗaya ta wuce naira 500 a kasuwar bayan fage. Albashi mafi ƙanƙanta kuwa yana tsaye a naira 18,000 tun 2011, ba a ɗaga shi ba sai 2019. Ma'aikacin da albashinsa bai motsa ba, hatsi zai fara saye, ya rage nama da ƙwai. Mai kiwon kaji shi zai fara ji a jikinsa.

Ga abin da yakan ruɗe mutane. In an ce tsadar kaya ta sauka daga kashi 18 zuwa 15, ba a ce kaya sun yi araha ba. Suna ci gaba da hawa, sai dai sun rage sauri. Haka kuma kada manomi ya yi murna don buhun masara ya yi kuɗi, sai ya lissafta buhu nawa zai sayar ya sami buhun taki ɗaya.

Na uku: aikin yi

Wannan shi yake zuwa a ƙarshe. Bisa ƙidayar Hukumar, marasa aiki kashi 14.2 ne a ƙarshen 2016. A 2017, shekarar da aka ce an farfaɗo, suka kai 18.8. A 2018 suka kai 23.1. Dalili kuwa, haƙar mai tana kawo kuɗi mai yawa, amma mutane ƙalilan take ɗauka aiki.

A riƙa tambayar yadda aka yi ƙidayar. A 2023 Hukumar ta sake tsari, duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a mako aka lissafta shi cikin masu aiki. Sai adadin ya zama 4.1, bayan ya kai 33.3 a ƙarshen 2020. Ma'aunin ne aka canja, don haka ba a kwatanta lambobin biyu.

Aikin ƙungiya

Gani ya kori ji. Magatakarda ya buɗe littafi, ranar kasuwar farko ta kowane wata ya rubuta:

1. Kuɗin mudun masara, dawa, shinkafa da wake.
2. Kuɗin buhun taki da litar fetur.
3. Kuɗin ƙwadago na yini ɗaya.
4. Samari nawa suka tafi cin rani, nawa suka komo hannu wofi.
5. Membobi nawa suka biya bashinsu a kan lokaci.

A kwatanta kowane wata da irinsa na bara, domin kuɗin hatsi a kaka dabam yake da na bazara. In ma'aunin ciniki kaɗai ya gyaru, a yi hattara da bashi mai ruwa. In kuɗin ƙwadago yana sayen hatsi fiye da bara, membobi kuma suna biya a kan kari, to, ana iya shawarar ƙara jari.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Buhun masara nawa ke sayen buhun taki ɗaya a kasuwarku bana? Bara fa?
2. Su wa ke sayen amfanin gonarku, kuma daga ina kuɗinsu yake fitowa?
3. Wace alama ƙungiyarku za ta jira kafin ta karɓi rance?