Yadda Ake Zaɓa Wa Yaro Littafin Da Zai Karanta Har Ƙarshe

Iyaye da yawa na kukan cewa 'ya'yansu ba sa son karatu: an kashe kuɗi an sayo littafi, yaro ya buɗe shafi biyu ya ajiye, ƙura ta rufe. A yawancin lokaci matsalar daga zaɓin take. An ba ɗan aji uku abin da ɗan sakandare ma sai ya yi gumi a kansa, ko an miƙa wa yarinya 'yar shekara goma sha biyu littafin koyon baƙaƙe, ta ji an raina ta. Ga hanyar da uba, ko uwa, ko malamin aji, ko babbar yaya za su bi idan suna son littafin ya dace da yaron da ke gabansu, tun daga ɗan firamare har zuwa ɗan ƙaramar sakandare.

Mataki na farko: ku auna karatunsa kafin ku je kasuwa

Ajin da yaro yake ba ya faɗa muku iyakar karatunsa. A aji ɗaya za ku tarar da mai karanta jarida da wanda har yanzu yake haɗa gaɓa da gaɓa. Saboda haka ku zaunar da shi, ku ba shi kowane littafi da ke gidan, ku ce ya karanta shafi guda a bayyane. Duk kalmar da ta gagare shi ya naɗe yatsa ɗaya. In ya gama shafin bai naɗe ko ɗaya ba, ko ɗaya kacal ya naɗe, littafin ya yi masa sauƙi. Biyu ko uku, daidai ke nan. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, wannan littafi ba na karantawa shi kaɗai ba ne tukuna, sai dai a karanta masa.

Daga nan ku rufe littafin ku ce, "To, ba ni labarin abin da ka karanta." Wannan tambayar ta fi ƙirgen yatsu muhimmanci. Yaranmu sun saba da hadda, kuma akwai wanda zai zubo shafin Turanci ba tuntuɓe amma bai san ko maganar kare ake ko ta jirgi ba. Ku yi wannan gwajin sau biyu, da Hausa daban, da Turanci daban, ko Faransanci in a Nijar kuke. Galibi za ku ga tazara mai yawa tsakaninsu. Kuma kada fuskarku ta nuna ɓacin rai in ya kasa, don daga ranar zai fara jin tsoron littafi.

Mataki na biyu: ku san abin da ke ɗaukar hankalinsa

Wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Me yake yawan tambaya a kai? Wane labari yake sa kakarsa ta maimaita masa? Akwai mai son yaƙi da jarumta, akwai mai son abin dariya, akwai wadda ba ta gajiya da labarin dabbobi, akwai kuma yaron da tatsuniya ba ta dame shi ba, shi dai a faɗa masa yadda ruwan sama ke samuwa. Wannan na ƙarshe shi aka fi zalunta, don ana ɗaukarsa maras son karatu alhali littafin bayani yake nema.

Mataki na uku: ku fara da harshen da yake mafarki da shi

Na san wasu iyaye za su ce sun kai yaro makarantar kuɗi ne don ya iya Turanci, me ya kawo littafin Hausa? Amsata ita ce yaro sau ɗaya yake koyon karatu. In ya gane cewa baƙaƙen nan da ke kan takarda magana ce irin wadda yake ji a tsakar gida, har ta ba shi dariya, to ya riga ya sami mabuɗin, kuma da shi zai buɗe Turanci da Larabci da Faransanci. Rubutun Hausa kuma yana da sauƙin da na Turanci ba shi da shi, domin kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yaron da aka fara da shi a harshen da ba ya ji yana ɗaukar kaya biyu a lokaci guda, koyon karatu da koyon harshe, shi ya sa yake saurin sarewa. Ban ce a hana shi na Turanci ba. Ku haɗa biyun, amma littafin jin daɗi na farko ya zama wanda zai fahimta ba tare da an fassara masa ba.

Mataki na huɗu: ku daidaita littafi da matakin yaron

Ga mai haɗa gaɓa, ana neman manyan baƙaƙe, gajerun jimloli, hoto a kowane shafi, da labarin da zai ƙare a zama ɗaya. Tsofaffin littattafan kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, wato Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, a jere aka tsara su, daga mai sauƙi zuwa mai ɗan nauyi, kuma da su iyaye da kakanni da dama suka iya boko. Akwai kuma Mu Karanta, wanda aka shirya wa 'yan aji ɗaya zuwa uku a makarantun Bauchi da Sakkwato.

In bakinsa ya fara sakewa, sai a shiga tatsuniya. Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida ne, kuma amfaninsu shi ne yaron ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi da kura a kunne, yanzu zai gamu da su a takarda. Sanin inda labari ya dosa yana taimaka wa sabon mai karatu ya ci gaba ko da wata kalma ta tsaya masa.

Daga aji huɗu zuwa shida, ban san littafin da ya kai Magana Jari Ce ba. Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya, littafi uku ne, na farkon ya fito a 1937, kuma tun asali don 'yan makaranta aka yi shi. Abin da ya sa yake kama yaro shi ne tsarinsa. A littafi na ɗaya aku ne ke riƙe Musa ɗan Sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Kowane labari gajere ne, yana ƙarewa a zama ɗaya, amma babban labarin yana nan yana jan yaro ya dawo gobe. In kuna son gwadawa, ku fara masa da labari mai ban dariya kamar na Sahoro da Sahorama ko na Kalala da Kalalatu. Hausar Imam tana da wasu tsofaffin kalmomi na fada da na yaƙi da yaron birni na yau bai sani ba, don haka ku kasance kusa a makon farko.

Mai son jarumta a ba shi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin wanda ya tashi ba ya iya tafiya, daga baya ya zama barde. Mai son sararin sama da abin al'ajabi a nema masa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Wanda ya fi son bayani a kan halitta, akwai Ikon Allah da Imam ya rubuta tare da Rupert East, ko da yake tsoho ne, sai a haɗa masa da sababbin littattafan kimiyya masu hoto.

Ɗan ƙaramar sakandare ya isa ya riƙe dogon labari guda. Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, yana tafiya da sauri, kuma ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe tana sa yara dariya har yau. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi nauyi a zuciya, don maganar bauta ce da uwar da ke neman ɗanta. Wannan a bar shi sai yaro ya kai sha biyu ko sha uku, kuma a tattauna da shi bayan ya gama.

A ɓangaren Turanci, ku fara da labaran da aka gina a Nijeriya kafin na ƙasashen dusar ƙanƙara. Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966, labarin yaro ne a Onicha da ke burin ƙetare kogin Neja zuwa Asaba, gajere kuma da Turanci mai sauƙi. Akwai Eze Goes to School, da Without a Silver Spoon na Eddie Iroh. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi a Arewa aka gina shi, sai dai akwai kisa da neman fansa a ciki, ya fi dacewa da 'yan sakandare.

Mataki na biyar: ku karanta kafin ku miƙa

Kada ku ba yaro abin da ba ku leƙa ba. Ko ba ku da lokacin karanta shi duka, ku duba farko da tsakiya da ƙarshe. Tsufan littafi ko shahararsa ba sa mayar da shi na yara: Dare Dubu da Ɗaya na Hausa yana da wuraren da ba su dace da yaro ba ko kaɗan. Haka littattafan soyayya da ake sayarwa a kasuwannin Kano, da waɗanda ke yawo a wayoyi, don manya aka rubuta su. Idan wurin da kuka gani abin tsoro ne ko baƙin ciki kawai, ba sai an hana ba, kun dai san inda za ku zauna kusa.

Ku duba bugun ma. Kwafin sata ya cika kasuwa, da shafuka a juye, wasu babu, tawada ta dushe. Ku tabbata ɓ da ɗ da ƙ sun fito da lanƙwasarsu, domin mai koyo ba zai iya raba kafa da ƙafa ba in an buga su iri ɗaya. Littafin da aka buga a Nijar za ku ga ƴ a inda na Nijeriya ke da 'y, sai ku nuna wa yaron sau ɗaya ya wuce.

Mataki na shida: inda za a samu

Shagunan littattafan makaranta a manyan garuruwa suna ajiye na Imam da makamantansu, kuma masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin kasuwa sukan yi araha. Ku tambayi laburaren jiha ko na makaranta, kamar Laburaren Murtala Muhammad a Kano. In kuɗi ya yi wuya, African Storybook da StoryWeaver suna da gajerun labaran yara masu hoto da Hausa kyauta a intanet, ana iya saukewa a buga a takarda. Wasu fassara ce, kuma ba duka ne Hausarsu ta nuna ba, don haka ku karanta tukuna. Gida uku ko huɗu ma na iya sayen littafi daban daban su riƙa musaya.

Mataki na bakwai: yadda ake miƙa shi

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. Kada ku ce, "Ungo, ka karanta, zan tambaye ka." Da zarar ya ji ƙanshin jarrabawa, daɗin ya tafi. Ku zauna bayan sallar isha, ku karanta masa farkon labarin da murya irin ta mai tatsuniya, ku tsaya daidai inda abin ya ɗauki zafi, ku ajiye littafin inda hannunsa zai kai. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Kada a mayar da karatu horo, kuma 'ya mace a rage mata aikin gida na wannan ɗan lokacin kamar yadda ake rage wa namiji.

In ya yi kwana uku bai koma kansa ba, ku tambaye shi dalili ba da faɗa ba. In wuya ya yi, ku sauka mataki ɗaya. In labarin ne bai yi masa ba, ku canza, ba dole sai ya gama ba. In kuwa ya gama ya ce a ƙaro, ku tambaye shi wane wuri ya fi so, amsarsa ita za ta nuna muku littafi na gaba. Mai maimaita littafi ɗaya sau biyar kuma a ƙyale shi, a nan saurin karatunsa ke ƙaruwa.

Malamai, ku ware ko da rabin awa a mako na karatun jin daɗi, ba maki ba bulala, ku bar yara su faɗa wa juna littafin da ya burge su. Iyaye kuma, kafin ku sayi komai, ku zaunar da yaron a daren yau ku ji shafi guda daga bakinsa.