Ƙyanƙyasar Ƙwan Kaza a Gida da Kalmomin da Ke Tattare da Ita: Nazari Daga Potiskum

Gabatarwa

Ni haifaffen garin Potiskum ne a Jihar Yobe, kuma da Ngizimanci na buɗe baki. Hausa a layi da kasuwa da makarantar allo na tsince ta, kamar sauran 'ya'yan Ngizimawa da Karekare da Bolewa da Ngamo da muka tashi tare. Saboda haka na shigo sashen nan ina ganin babu abin da ya rage mini a Hausa sai nahawu. Kaza ce ta nuna mini iyakata.

A shekarar 2022, lokacin da yajin aikin malaman jami'o'i ya zaunar da mu a gida daga Fabrairu har Oktoba, na ranci kuɗin adashen Goggona don in gwada sana'ar ƙyanƙyasar ƙwai. Wannan maƙala bayani ce a kan yadda ake aikin, da kuma kalmomin da na tsinta a cikinsa, musamman daga bakin wata dattijuwa maƙwabciyarmu, mutuniyar Azare, wadda muke kira Iya.

Tun daga sunan

A Ngizimanci gaza muke cewa, ba kaza ba. Marigayi Farfesa Russell Schuh, wanda aka fi sani da Malam Takalmi, ya zauna a Potiskum yana nazarin harshenmu, har ya fitar da ƙamusunsa a 1981. Shi ya nuna cewa a Ngizimanci baƙi marar ziza yakan koma mai ziza idan akwai irinsa mai ziza a gaba cikin kalma. Wato z ce ta jawo k ta zama g, naso ke nan daga nesa. Har ila yau harshenmu yana da ɓ da ɗ amma babu ƙ, shi ya sa na daɗe ina cewa "kwai". Jinsi ma ya wahalar da ni. Ranar da na ce wa Iya, "Kazan Goggo ya fara kwanciya," sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗan nan, kurakurai uku a numfashi ɗaya! Kazar Goggo ta fara kwanci."

Kwanci

Kwanci shi ne zaman kaza a kan ƙwai don ta ɗumama shi. Tushensa ɗaya da kwanta da kwanciya da kwantai, amma kowanne da muhallinsa: mutum ke kwanciya, kayan ɗan kasuwa ke kwantai, kaza ke kwanci. Kafin nan sai ta saka ƙwai, wasu su ce ta nasa, wasu kuma ta yi ƙwai. Wurin da take sakawa shi ne gurbi, ɗakinta kuwa akurki.

Kazar Hausa takan rufe ƙwai 10 zuwa 12 ba tare da wani ya leƙo waje ba, kuma kwana 21 take yi a kansu. Ƙwan zabo yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28, na talotalo 28, na agwagwar da muka saba kiwo a gida kuwa har 35. Da yake zabuwa ba ta da haƙurin kwanci a gida, matan garinmu kaza suke sa wa ƙwan zabi da damina, ita ko ta rene su kamar nata. Idan ka lura da mai kwanci za ka ga abubuwa uku take yi: tana ba ƙwan ɗumin jikinta, tana juya shi da baki, sannan takan tashi sau ɗaya a yini ta ci ta sha, ƙwan ya sha iska. Duk wata na'urar ƙyanƙyasa, daga ɗakunan ƙasa da Misirawa suka yi amfani da su fiye da shekara 2,000 da suka wuce zuwa mai aiki da sola ta yau, kwaikwayon waɗannan abubuwa take yi.

Yadda na yi asara

Kwali na samu mai kauri, na huda ƙananan ƙofofi a gefe, na rataya ƙwan lantarki a ciki, na tanadi fitilar ƙwai saboda ɗaukewar wuta. (Ga ɗalibin ilmin ma'ana: ƙwan lantarki da fitilar ƙwai ne za su ɗumama ƙwan kaza. Kalma guda ta yaɗu ta hanyar kamancin siffa.) Na sayi ƙwai 30 a kasuwa cikin watan Afrilu, na jera. Guda 4 kacal suka fito, ɗaya ma bai kwana ba.

Abin da ban gane ba shi ne bayanan da na karanta an rubuta su ne don ƙasashe masu sanyi. Zafin da ƙwai ke bukata shi ne digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas, kuma ya fi jure raguwarsa na ɗan lokaci a kan ƙaruwarsa. Idan ya haura 40 ya daɗe a haka, ɗan tayin da ke ciki mutuwa yake yi. To a Potiskum da bazara, zafin rana shi kansa yakan wuce 40, balle ɗaki mai rufin kwano da ƙarfe biyu na rana. Ni kuwa ina ta ƙara masa wuta. A taƙaice dafa su na yi sannu a hankali.

Kuskure na biyu tun a kasuwa na yi shi. Ƙwan da ya yi kwanaki a faranti cikin rana ya riga ya fara girma ya tsaya, don ɗan tayi ba ya jiran kaza idan ya ji ɗumi. Bugu da ƙari, na haɗa da ƙwan kajin gidan gona don na ga ya fi girma, alhali waɗannan kaji ba a haɗa su da zakara, ƙwansu na ci ne kawai. Da Iya ta zo jaje, sai ta ɗauki ƙwai ɗaya, ta dunƙule hannu a kansa, ta ɗaga shi saitin rana ta leƙa. Ta ce, "Wannan ai ko shekara ya yi a ƙarƙashin kaza, ba zakara a cikinsa." Goggo ba ta ce komai ba, wanda ya fi mini ciwo a kan faɗa.

Yadda ya kamata a yi

Da ruwa ya sauka na sake gwadawa, wannan karon da ƙwai 24 da na tara daga gidajen da na ga zakara da idona. Ga abin da na bi.

A zaɓi ƙwai matsakaici, marar tsaga, wanda bai wuce mako guda da sakawa ba. Kada a wanke shi, domin akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa kuma yana cire shi. Kafin a tara adadin da ake so, a ajiye shi wuri mai sanyi, tsinin yana kallon ƙasa. Ni a gindin randa na ajiye nawa, bisa shawarar Iya.

Ma'aunin zafi dole ne, kuma a daidai tsayin ƙwan za a sa shi. A kunna kwalin ya yini ya kwana babu komai a ciki, a ga yadda zafin ke hawa da sauka, a san lokacin rage wuta. Sai danshi: ana son kashi 50 zuwa 55 cikin 100 a kwana 18 na farko, a ƙara zuwa 65 ko 70 a ukun ƙarshe. Ƙaramin kwano da ruwa a cikin kwalin yana wadatarwa da damina, amma da hunturu ko bazara sai an ƙara da jiƙaƙƙen tsumma. Dalili shi ne ɓawon ƙwai yana da dubban ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga, ruwa ke fita. Idan ruwan ya fita da yawa, tantanin ciki yakan bushe ya manne wa ɗan tsako.

Juyi shi ne aikin da ya fi gajiyarwa. Na sa wa kowane ƙwai alama da fensir a gefe biyu, ina juyawa sau uku a rana: bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha'i. Ana son adadin ya zama mara, wato uku ko biyar, don kada ƙwai ya riƙa kwana a gefe ɗaya kullum. In ba a juya ba, ɗan tayi yakan manne da ɓawo.

Tsakanin kwana 7 da 10 sai a haska. Abin da Iya ta yi da rana shi nake yi da tocilan waya a ɗaki mai duhu. Mai rai za a ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo-gizo. Wanda haske ya ratsa tas ba shi da zakara. Wanda aka ga zoben jini a ciki kuwa ya fara ya mutu. A cire waɗannan, don ruɓaɓɓe yana iya fashewa ya ɓata sauran. Irin wannan ƙwai ne ake cewa ya yi dungu, wanda kuma kaza ta tashi ta bari shi ne baragurbi. Ku dubi ginin kalmar: harɗaɗɗen suna ne daga aikatau bari da suna gurbi. Na shekara ina jin ana cewa "baragurbin ma'aikata" a rediyo, ban taɓa sanin daga akurki kalmar ta fito ba sai da warinsa ya kore ni daga ɗaki.

Ƙyanƙyasa

Daga kwana na 18 a daina juyi, a daina yawan buɗe kwali. A faffaɗan kan ƙwai akwai wani ɗan sarari mai iska. Nan ɗan tsako yake fara hudawa ya yi numfashin farko, har akan ji kukansa tun ɓawo bai fashe ba. Daga nan sai ya sari ɓawon da wani ɗan tsini da ke kan bakinsa, ya huta, ya ci gaba da zagayawa. Wannan yakan ɗauki yini guda, kuma a nan ne hannu ke ƙaiƙayi. Kada a ɓare masa. Jijiyoyin jininsa ba su gama janyewa ba, gwaiduwar da zai rayu da ita ma bai gama shigar da ita ciki ba. Wannan gwaiduwa ce ke riƙe shi kwana biyu ko da bai ci komai ba, don haka a bar shi a ciki sai gashinsa ya bushe.

Aikatau ɗin nan abin nazari ne. A giredi na 1 ƙyanƙyasa ne, a na 4 ƙyanƙyashe, a na 6 ƙyanƙyaso. Wasalin e ne ya mayar da s ta zama sh, wato ganɗantawa, kamar yadda ake samu a fasa da fashe. A ganina akwai ninki a cikinta irin na ƙwanƙwasa, kuma duka biyun amon bugu a kai a kai suke ɗauke da shi. Na taɓa musanya su a gaban Iya, na ce wani yana ƙyanƙyasa ƙofa. Har yau in ta gan ni sai ta tambaye ni ko ƙofar ta fito da 'ya'ya.

Daga ƙwai 24 na samu 'yan tsaki 17. Abincinsu na farko tsakin gero ne da ruwa a murfi marar zurfi, aka zuba tsakuwa a ciki don kada su nutse. Ga tsaki jam'in tsako, ga tsaki na hatsi, ga tsakin da Goggo ta ja ranar da shirwa ta ɗauke mini biyu a tsakar gida: rubutu ɗaya, jimla ce ke rabewa. Bayan shirwa da muzuru, babban abokin gaba shi ne ciwon nan da ke share akurki da hunturu, wanda likitocin dabbobi ke kira Newcastle. Ba shi da magani sai rigakafi, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin irin wanda ake ɗigawa a ido. Na yi wa nawa kafin sanyi ya shigo.

Goma sha uku ne suka girma. Na sayar da zakaru shida na biya Goggo rabin kuɗinta, ta karɓi kaji biyu a madadin wani kason. Sauran bashin yana nan, ta ce in bari sai na fara ɗaukar albashi.