Ga Wanda Ya Bar Taba, Ya Sake Komawa

Ya ɗan'uwana mai karatu, wannan takarda taka ce, kai da ka ɗauki alkawari gaban Allah da gaban 'yan'uwa za ka bar shan taba, ka kuwa bari har sati uku ko wata biyu, sa'an nan wata rana ka iske kara a bakinka, hayaƙi yana fita ta hancinka. Mun san abin da ya biyo baya. Ran Lahadi ka zauna can baya cikin ɗakin sujada, kana tauna goro domin kada a ji wari, ko kuwa ba ka zo ba sam. Zuciyarka tana ce maka kai munafuki ne, ba ka da rabo cikin masu bi. Dakata tukuna, ka karanta har ƙarshe.

Bari mu fara da gaskiya. Littafi Mai Tsarki bai ambaci taba ba, gama ganyen nan daga nahiyar Amurka ya fito, bai kai Turai da Afirka ba sai bayan shekara ta 1492. Cetonka kuma ba bisa barin taba ya ke tsaye ba, bisa alherin Yesu Almasihu ne, wanda ya mutu dominka tun kana mai zunubi. Amma manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa, cikin wasiƙarsa ta fari, sura 6, jikin mai bi wurin zaman Ruhu Mai Tsarki ne, bai kuwa kamata wani abu ya mai da shi bawa ba. Mutumin da za ya fita cikin ruwan sama da tsakar dare neman kara ɗaya, ai ya san wanda ke mulkinsa. Ɓarnar kuma sananniya ce. A shekara ta 1950 masu bincike biyu a Ingila, Doll da Hill, suka nuna dangantakar sigari da ciwon dajin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa sha ba, hayaƙin wasu kaɗai suka shaƙa. Niyyar da ka yi da fari daidai ce, faɗuwarka ba ta mai da ita kuskure ba.

To, me ya kā da kai? Cikin taba akwai wani abu da a ke kira nikotin. Da ka zuƙa, kafin ka ƙirga goma ya kai ƙwaƙwalwa, ya ba ta ɗan daɗi. Shekara da shekaru tana samu, har ta saba, ta mai da shi kamar abinci. Ran da ka hana ta, sai fushi, da rashin barci, da ciwon kai su taso. Wahalar ta fi tsanani cikin kwana 3 na fari, tana raguwa cikin sati 2 zuwa 4. Amma sabo ya fi wannan daɗewa, gama hannu da baki ba su manta da lokacin da su ke samu ba, bayan tuwo, ko wurin mai shayi. Yawancin waɗanda suka rabu da taba har abada sun gwada sun kasa sau da dama kafin su ci nasara.

Kai manomi ne, ko ɗan manomi. A Kakangi wa ya taɓa ganin wanda ya yi noman fari, ya komo bayan kwanaki ya iske ciyawa ta sake fitowa, ya jefar da fartanya ya ce gonar ta lalace? Ba wanda ya ke yin haka. Maimai ya ke yi. Wanda ya sari sabuwar gona a bakin daji kuma ya san kututture ya kan yi toho shekara biyu ko uku, sai an yi ta sara kafin saiwar ta mutu. Kwanakin da ka yi ba taba, jikinka ya ci ribarsu: cikin sa'a 12 gubar hayaƙi da ke cikin jini ta kan sauka, cikin 'yan makonni numfashi ya kan fara buɗewa. Ka kuma koyi abin da dā ba ka sani ba, wato kana iya kwana ka tashi ba ita.

Haɗarin da ya fi kara ɗayan nan girma shi ne maganar da Shaiɗan ya kan raɗa bayansa: tun da ka sha ɗaya, ai ka riga ka karya alkawari, sai ka sayi kwali. Da wannan ya ke kama yawancin mutane. Kafin faɗuwa ya kan ce abin ƙanƙane ne, bayan faɗuwa ya ce ya fi ƙarfin gafara. Duka biyu ƙarya ne.

Ka duba Bitrus. Ya yi alkawari da babbar murya ba za ya rabu da Ubangijinsa ba ko da mutuwa ce. A daren nan kuwa, cikin gidan babban firist, ana sanyi, bayi sun hura wutar gawayi, ya je ya tsaya cikinsu yana jin ɗumi. Nan ya yi musun Yesu sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi. Yahaya ya ba da labarin musun cikin sura 18. Sa'an nan ka juya zuwa sura 21. Bayan tashinsa daga matattu Yesu ya sami Bitrus a bakin tekun Galili, shi da kansa ya hura wata wutar gawayi, ya ciyar da shi, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya ba shi kiwon tumakinsa. Bai ƙirga masa laifinsa ba. Yahuza ma ya yi nadama, amma ya tafi da nadamarsa shi kaɗai, ta kashe shi. Bitrus ya zauna cikin 'yan'uwa da kunyarsa, can kuwa Ubangiji ya same shi. Idan wanda ya yi musun Ubangiji an mai da shi, balle kai da sigari ya kā da?

Yanzu sai ka tambayi kanka, a bakin wace wuta ka tsaya? Ba mu raina nauyin da ke kanka ba. Mutanen ƙasar Birnin Gwari sun sha wuya a hannun 'yan bindigan daji, wasu sun binne nasu, wasu sun bar gonaki, da yawa sun kwana ido biyu suna sauraron ƙarar babura. Wanda tsoro ya hana shi barci, aboki ya miƙo masa kara, ba abin mamaki ba ne in ya karɓa. Amma taba ba ta kawar da tsoro, ƙishin da ita kanta ta haddasa shi ta ke kashewa na ɗan lokaci. Ka gane wurin, da sa'ar, da mutumin, da halin da zuciyarka ke ciki. Idan a rumfar mai shayi ne, ka sha shayinka a gida wata guda. Idan wurin haƙar zinariya ne ko cikin mota kan hanyar Kaduna, ka shirya amsarka tun daga gida, ka faɗa a fili, na bari.

Kada ka jira sabuwar shekara ko bayan girbi. Yau ɗin nan ka zubar da abin da ya rage, har da ashana, har da taba gari in kana sa ta a baki, gama nikotin ɗin ɗaya ne. Ka faɗa wa Allah abin da ka yi ba ɓoye-ɓoye, ka kuma faɗa wa ɗan'uwa guda wanda ya girme ka cikin bangaskiya. Sa'ad da marmarin ya taso, ka sani mintoci kaɗan ya kan yi ya wuce: ka tashi daga inda ka ke, ka sha ruwa, ka sa asuwaki a baki, ka yi addu'a da ƙafafunka suna tafiya. Neman magani kuma ba rashin bangaskiya ba ne. Akwai cingam da filasta masu nikotin waɗanda ke rage wahalar kwanakin fari, ka tambayi ma'aikacin lafiya. In kana tari fiye da sati 2, ka tafi asibiti a Birnin Gwari a gwada ka saboda tarin fuka.

Ko da ka sake faɗuwa, Allah ya kiyaye, abu ɗaya kada ka yi: kada ka aiki ɗanka sayo maka. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, yaron da ya saba riƙe ta a hannu kuwa ba ya daɗewa bai kai ta baki ba.

Ku kuma dattawan ikkilisiya, in wannan takarda ta faɗo hannunku, ku karanta farkon sura 6 ta Galatiyawa kafin ku yi wa irin wannan ɗan'uwa magana. In bai zo sujada ran Lahadi ba, ɗayanku ya tafi gidansa da yamma, ya zauna, ya ci tuwo tare da shi.