ADON GIDA DA AIKIN HANNU A MA'AUNIN SHARI'A

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya kyautata halittar ɗan Adam, ya sanar da shi sana'a, ya kuma sanya masa gida wurin samun natsuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani al'amari da yake tasowa a kowane gida idan Sallah ta gabato ko aka sa ranar biki, wato gyaran ɗaki da ƙawata shi. Mutane sun rabu gida biyu a kan wannan. Wasu suna ganin kowane irin ado shagala ce da son duniya, har su bar gidajensu cikin ƙazanta suna zaton zuhudu suke yi. Wasu kuwa, su ne ma suka fi yawa, sun mayar da abin gasa, har magidanci ya sayar da hatsin da iyalinsa za su ci da damina, ko ya jinginar da gona, don a cika ɗakin ɗiyarsa da kayan kanti. Shari'a tana tsakanin waɗannan biyu, kuma aikin hannun da iyaye suka bar mana a nan Safo da sauran garuruwan Madarunfa yana daga cikin hanyoyi mafi sauƙi na tsayawa a wannan tsakiya.

ASALIN HUKUNCIN ADO

Asalin ado a Musulunci halal ne. A cikin Suratul A'arafi, aya ta 31 da ta 32, Allah ya umurci ƴan Adam da su yi ƙawa idan za su masallaci, ya hana su ɓarna, sannan ya yi inkari ga duk wanda ya haramta ƙawar da ya fitar domin bayinsa. A Suratun Nahli kuma, aya ta 80, ya lissafa cikin ni'imominsa cewa ya sanya gidaje wurin hutawa, ya ba mu fatun dabbobi da gashinsu don mu yi kayan ɗaki da abin amfani. Kayan ɗaki ke nan Allah da kansa ya ambata a jerin abubuwan da ake gode masa a kansu.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu (RA) cewa lokacin da Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi a kan girman kai, wani mutum ya ce ai mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Sai Annabi ya bayyana masa cewa Allah yana son kyawu, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Saboda haka matar da ta share ɗakinta, ta shafe shi da farar ƙasa, ta rataye faifanta masu launi don ta faranta ran mijinta da baƙinta ranar Idi, ba ta yi laifi ba. Idan niyyarta ta yi kyau, lada ma za ta samu.

FALALAR ABIN DA HANNU YA YI

Imamu Buhari ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba (RA) cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda (AS), duk da sarautar da Allah ya ba shi, daga aikin hannunsa yake ci. Uwar Muminai Zainabu ɗiyar Jahshi (RA) ta shahara da aikin hannu da yawan sadaka, kuma malaman tarihi sun bayyana cewa aikin nata jima ne da ɗinkin fata. Shimfiɗar Manzon Allah (SAW) ta fata ce da aka cusa da zaren jikin itacen dabino, kamar yadda Nana A'isha (RA) ta faɗa, kuma Sayyidina Umar (RA) ya taɓa shiga wurinsa ya ga shaidar tabarma a jikinsa mai albarka. A ƙasar Hausa ma an ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana tufkar igiya don ya ci halal. To, wane ne zai raina tabarma da fata da igiya bayan wannan?

ABIN DA ƘASARMU TA BA MU

Allah bai bar ƙasar Maraɗi hannu sake ba. Kusan duk abin da ake bukata don ƙawata ɗaki yana tsirowa a gonakinmu, ko yana kiwo a garkenmu, ko kuma muna taka shi da ƙafa.

Na farko kaba. Ita ce ganyen ƙaramar goriba, kuma saboda yawanta aka sanya wa kwarin da ya ratsa ƙasar Mayahi suna Gulbin Kaba. Ana yanko ta a shanya, a tsaga, a jiƙa ta yi laushi, sannan a rina wadda za a yi ado da ita. Kafin zuwan garin rini na kanti, magabata suna samun ja daga karan dafi, rawaya daga saiwar rawaya, shuɗi kuma daga baba. Da kaba ake saƙa tabarma da faifai da mafici da lefe, da ita ake tufka igiyar da za a yi ragaya a rataye ƙwarya. Faifai ɗaya yana rufe abinci, ya yi bakace, ya kuma ƙawata bango idan an gama aiki da shi. Sai dai akwai amana a nan: yawan yankan kaba tun tana ƙarama yana hana ta tashi ta zama goriba. Manoman jihar Maraɗi sun nuna wa duniya tun daga shekarun 1980 cewa barin tohon itace a gona da kula da shi yana mayar da daji, don haka mai yankan kaba ya ɗauki na bukata ya bar wa na baya.

Na biyu ƙwarya. Idan duma ya nuna ya bushe, sai a fafe shi, a kankare cikinsa, a jiƙa a wanke har ɗacin ya fita. Daga nan sai a zana bayansa da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, a goga farar ƙasa don zanen ya fito. Masaki da ƙoƙo da ludayi duk daga nan suke. Ƙwarya idan ta tsage ba a jefar da ita, gyartai yana ɗinke ta ta ci gaba da aiki, idan ta mutu gaba ɗaya kuma ƙasa ta cinye ta. Robar da ta maye gurbinta kuwa idan ta fashe sai ta zama shara a kan hanya da cikin gulbi.

Na uku ƙasa. Yaɓe da daɓe aiki ne da mata suka saba yi da gayya kafin biki, ana bugun ƙasa da madaɓi ana yayyafa ruwan makuba da aka samu daga ɓawon ɗorawa, har daɓen ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Wanda ya taɓa shiga unguwar Birni a Damagaram, ko tsohon birnin Zariya, ya ga yadda magina Hausawa suke fitar da dagi da sauran zane a fuskar gida da laka da hannu kawai. Taimakon juna da ake yi a wajen daɓe shi kansa zumunci ne da kyautata wa maƙwabci.

FATAR LAYYA

Ana so a kula da wannan sosai, domin mutane da yawa suna kuskure a cikinsa. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo a cikin Risala, mai layya ba ya sayar da komai daga layyarsa, ko nama ko fata. Haka nan ba a biyan mahauci ladan fiɗa da fatar. Abin da ya halatta shi ne mutum ya yi sadaka da ita, ko ya ba da ita kyauta, ko ya yi amfani da ita a gidansa. Fatar ragon layya tana zama buzun salla ko na karatu, ana kuma yin matashi da jaka da guga da fatar dabba. Sharaɗin shi ne a feɗe ta a hankali ba tare da an huda ba, a cire sauran nama da kitse, a sa gishiri ko a shanya a inuwa, domin rana mai zafi tana lalata ta, sannan a kai wa majemi ya jeme da bagaruwa, a biya shi da kuɗi. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen Turai saboda kyawun fatarta, dukawanmu kuma sun iya rina ta da ɗinka ta. Abin takaici ne a ce a ƙasa irin wannan ake ganin fatu suna ruɓewa a kan juji kwana biyu bayan Babbar Sallah.

Fatar mushe hukuncinta daban ne. Risala ta bayyana cewa idan an jeme ta ana iya amfani da ita, amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita.

IYAKOKIN DA SHARI'A TA SANYA

1. Siffar abu mai rai. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta rataye labule mai hotuna, Annabi (SAW) ya nuna ƙinsa, aka yanka shi aka yi matasai. Wani mai zane ya tambayi Abdullahi ɗan Abbas (RA), sai ya ce masa idan ba makawa sai ya yi, to ya zana itace da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya sun ce sassaƙa ko gina cikakkiyar siffar mutum ko dabba mai inuwa haramun ne, zanen da ba shi da inuwa kuwa makaruhi ne idan an ɗaukaka shi a bango, barinsa ya fi ko da a abin da ake takawa ne. An yi rangwame ga ƴar tsana ta wasan yara mata. Zanen dagi da layi da fure da ganye ba su shiga wannan hani ba.

2. Sunan Allah da ayoyin Alƙur'ani. Allon zayyana da ake yi wa ɗalibi ranar sauka abin girmamawa ne, ana ajiye shi a wuri mai tsarki. Amma ba a rubuta aya ko sunan Allah a kan tabarma ko matashi ko faifan da zai faɗi ƙasa a taka.

3. Abin da yake shagaltar da mai salla. Annabi (SAW) ya taɓa salla da wata tufa mai zane, da ya idar sai ya sa aka mayar wa Abu Jahmin (RA) da ita, ya ce zanenta ya ɗauke masa hankali. Don haka bangon alƙibla da shimfiɗar salla, a masallaci ko a ɗaki, an fi so su kasance ba su da yawan kwalliya.

4. Camfi. Rataye ƙaho ko wani tarkace a bakin ƙofa da sunan ado, alhali a zuciya ana nufin ya kore maita ko kambun baka, wannan ya taɓa aƙida. Tsari daga Allah yake, ana nemansa da addu'o'in da suka tabbata.

5. Ɓarna da alfahari. Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, ta danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu, Suratul Furƙani kuma, aya ta 67, ta yabi bayin Allah da suke ciyarwa tsaka-tsaki. Wannan iyaka ita ce aka fi ƙetarewa a yau, don haka za mu ɗan tsaya a kanta.

JERE DA BASHI

Jeren amarya a da ƙorai ne da faifai da tukwane, waɗanda uwa take tarawa a hankali tun yarinya tana ƙarama, da yawansu ma ita ta yi su ko maƙwabciyarta. Daga baya aka koma tasoshi, sai kwanonin kanti masu fenti, sai tangaran cikin akwatunan gilashi, waɗanda sau da yawa amarya ba za ta ci abinci a cikinsu ba ko sau ɗaya. Kowane sauyi ya ƙara wa iyaye nauyi, ya kuma ɗaura mu a kan kayan da ba mu da iko da farashinsu. Dattawa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Haka aka sake gani da Nijeriya ta rufe iyakokinta a 2019, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 2023, lokacin da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta tsaya. Kaba da duma da laka kuwa ba su jiran a buɗe iyaka.

Illar gasar jere a fili take: ana jinkirta auren yara don kayan ɗaki ba su cika ba, uwa tana kwana da tunanin adashi da bashi, ana kuma yi wa ɗiyar talaka gori a gidan miji. Annabi (SAW) ya yawaita neman tsari daga bashi, ya bayyana cewa mai bashi yakan kai ga ƙarya da saɓa alkawari. Kayan da aka jera don mutane su gani su yaba, ba don a yi amfani da su ba, mai su ya binciki niyyarsa.

KAMMALAWA

Muna kira ga magidanta da su daina raina abin da matansu suka yi da hannu, su saya masu kaba da rini, su kuma zama na farko wajen yabawa. Muna kira ga iyaye mata da su zaunar da ɗiyansu kusa da tsofaffin da suka iya saƙa da zanen ƙwarya tun suna raye, domin sana'ar da ba a koyar ba tana bin mai ita kabari. Makarantun Islamiyya na matan aure za su iya ware lokaci kaɗan a mako don wannan koyo bayan darasi. Dangin ango kuma su ji tsoron Allah, su karɓi amarya da abin da iyayenta suka iya. Idan Sallah ta zo, a share gida da ƙofar gida, a shafe bango, a shimfiɗa sabuwar tabarma, a sa turaren wuta a kasko, kada kuma aikin daren jajibiri ya sa a makara sallar Asuba.

Allah ya sanya albarka a hannayenmu, ya wadata mu da halal, ya tsare mu daga bashi da riya, ya ƙawata zukatanmu da imani kamar yadda muke ƙawata ɗakunanmu. Allah shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.