Darasin Lafiyar Iyali: Karkatattun Haƙoran Yara da Wayar Gyara

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata ya baro gona ya shigo gida. A tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai da ke kewayen Samaru da Sabon Gari, iyaye sun sha kawo tambaya iri guda. Wani ya kai 'yarsa asibiti saboda ciwon haƙori, likita ya duba ya ce haƙoran sun hau juna, sai an sa mata waya. Wani ɗansa ya daina dariya a makaranta don yara suna yi masa ba'a da haƙoran gaba. Wata kuwa ta ga ƙarfe a bakin 'yan jami'a, tana tsammani ado ne irin haƙorin Makka. Maganar ta shafi lafiyar yaro, ta kuma shafi rumbu, gama aikin yana cin kuɗi ƙwarai. Sai magatakarda ya karanta a hankali, a riƙa tsayawa ana tattaunawa.

Yadda haƙora suke fitowa

Yaro yana da haƙoran nono 20, babba kuwa 32. Wajen shekara 6 ake fara famfara, ba ta ƙarewa sai wajen shekara 12. A shekara 6 ɗin nan kuma wani babban matauni yakan fito can ciki, bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗaukarsa na nono ne, su bar shi ya ruɓe suna jiran canjinsa. Ba shi da canji. In ya tafi, ya tafi ke nan.

Kowane haƙorin nono kamar turke yake, yana tsare wa na ƙarƙashinsa wuri. In alewa da lemon kwalba suka ci shi aka cire tun lokaci bai yi ba, maƙwabtansa sai su matso su cinye filin. Sa'ad da babban haƙori ya tashi fitowa ya tarar ba hanya, sai ya ɓullo ta gefe, ko ta saman dasashi, ko ya maƙale cikin ƙashi. Kun san abin da malaman gona na Samaru suke faɗa game da masara: santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin shuka da shuka. Wanda ya cusa iri ya san yadda karan yakan fito. Haka baki yake.

Tsotson yatsa ma yana turo haƙoran sama waje. In yaro ya bari kafin famfara, yawanci bakin yakan gyara kansa. In ya zarce da shi har manyan haƙora suka fito, to, an sami aiki. Akwai kuma gado: yaro ya ɗauko manyan haƙoran uba da ƙaramin muƙamuƙin uwa. Wannan ba laifin kowa ba ne, ba maita ba ce, ba kuwa bakin wani ba ne.

Ba kowace karkata ke bukatar likita ba

Tsakanin shekara 7 da 11 haƙoran gaba na sama sukan fito manya, a wawware, da giɓi a tsakiya, har uwa ta tsorata. Sau da yawa in fiƙoƙi suka sauko wajen shekara 11 ko 12, sai su matse su, giɓin ya rufe da kansa. Wushirya kuwa, wadda mu a nan muke yabo, Turawa suna biyan kuɗi a toshe musu ita. Ba cuta ba ce. Mai wushirya ya riƙe abarsa, ya riƙe kuɗinsa.

Waɗanda ya kamata a kai su ne: yaron da haƙoransa na sama suka fito waje har leɓe ba ya rufe su, gama irin waɗannan su ne suka fi saurin karyewa in ya faɗi daga keke ko jaki, wanda haƙoran ƙasa suka sha gaban na sama, wanda in ya haɗa baki haƙoran gaba ba su taɓa juna, ba ya iya gatsar nama, wanda haƙorin ƙasa yake sukar gandarsa, da wanda haƙorin nono ya faɗi, ɗan'uwansa na ɗaya gefen ya fito tuntuni, shi kuwa shiru fiye da wata 6. Likitocin wannan fanni a Amurka suna ba da shawara a duba kowane yaro yana shekara 7. Dubawa ce kawai. Yawancin masu sa waya sai sun kai shekara 11 zuwa 14. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, muƙamuƙi ma tun yana girma ya fi jin gyara.

Yadda wayar take aiki

Tsohon ilmi ne. Tun 1899 wani likitan Amurka, Edward Angle, ya kasa karkatar haƙora kashi 3, har yanzu da rabonsa ake aiki. Likita yakan manna wa kowane haƙori ɗan ƙarfe ƙarami da wani irin gam, ya ratsa siririyar waya ta cikinsu. Wayar tana jan haƙori a hankali dare da rana. Ƙashin da ke gaban saiwar yana narkewa kaɗan kaɗan, sabo yana tsirowa a bayanta, da haka haƙori yake tafiya, misalin milimita 1 a wata. Wanda ya taɓa ɗaure dashen mangwaro a jikin sanda ya gane: in ka ja da ƙarfi ya karye, in ka bi shi sannu ya miƙe.

Abin da iyaye suka fi tambaya shi ne zafi. Sawar ba ta da zafi, ba allura, ba a huda haƙori. Amma daga daren farko haƙoran za su yi tsami kwana 3 zuwa mako guda, haka kuma duk ran da aka ƙara ɗaure wayar. A ba yaro kunu, koko, fate, tuwo mai laushi, da farasitamol in ya matsa. In ƙarfe yana gurzar kumatu, likita yakan ba da ɗan kaki a liƙa a kai, a kuma kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi.

Waɗansu suna tsoron tsatsa ko guba. Ƙarfen asibiti marar tsatsa ne. Sai dai yarinyar da ɗan kunne ko sarƙa ke sa wa ƙuraje, a gaya wa likita tun farko.

Ko wayar tana ruɓar da haƙori? Ita kanta a'a. Abincin da yake maƙalewa a jikinta shi ne ɓarawon. Yaron da ba ya wanke baki, ran da aka cire ƙarfen sai a ga fararen tabo kewaye da gurbin kowane ɗaya, dasashi a kumbure yana jini. Dole buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, safe da dare, da kurkurewa bayan kowane abinci. Asuwaki yana da kyau, amma ba ya shiga ƙarƙashin waya, yana kuma iya ɓamɓare ƙarfen. A ganinmu, yaron da har yanzu sai an bi shi da bulala kafin ya wanke baki, bai isa sa waya ba tukuna.

Ga kuma inda ɗan manomi zai ji jiki: ba shan rake, ba gasasshiyar masara a jikin totuwa, ba ƙuliƙuli, ba aya, ba kilishi, ba tauna ƙashi, ba buɗe kwalba da haƙori. Gwaba da mangwaro a yanka ƙanana. Kowane ƙarfe da ya ɓalle, wata tafiya ce zuwa asibiti, wani jinkiri ne kuma.

Wani lokaci likita zai ce sai an cire lafiyayyun haƙora 2 ko 4 don a sami wuri. Iyaye sukan yi turjiya a nan, ba mu ga laifinsu ba. Amma ku tuna da ragin shuka bayan tsiro. Ba kowane baki ake yi wa haka ba, likita kuma ba ya yanke shawara sai ya ɗauki hoton ƙashi da awon baki. Ku roƙa a nuna muku hoton, a yi muku bayani da Hausa. Giɓin wayar ce za ta rufe shi.

Babban mutum ma yana iya sawa in dasashinsa da ƙashinsa lafiya, sai dai nasa yakan fi daɗewa.

Lokaci da kuɗi

Nan ne maganar take. Aikin yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa 3, ana komawa asibiti kowane mako 4 zuwa 8. Watau damina biyu ko uku za su same ku a ciki, da noman fari, da maimai, da girbi. Waya ba ta san kaka ba. Bayan an cire kuma akwai wata roba ko siririyar waya ta riƙo da ake sawa, musamman da dare, shekara da shekaru. In an yar da ita haƙora sai su kama hanyar komawa gidansu na da.

Kafin a fara, ku tambayi likita jimlar kuɗin duka: da hoto, da cirewa, da gyaran abin da ya ɓalle, da robar riƙo. Ku tambaya ko ana biya kashi kashi, a rubuta muku. Ku ɗora kuɗin mota na mutum biyu sau 20 ko fi. Sa'an nan ku auna da buhu, kada ku auna da fata. Wanda ya fara ya tsaya a tsakiya, ga haƙora an cire, ga ƙarfe a baki ba mai dubawa, ya fi wanda bai fara ba hasara. Kada a sayar da shanun huɗa ko irin shuka don 'yar karkatar da ba ta hana ci ba. Amma in ta hana tauna, ko magana, ko tana jawo rauni, to, abin a kawo gaban ƙungiya ne a duba rance ko adashi, kamar yadda muke yi wa kowane ciwo.

Inda za a je

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma Shika a 2005, gaba kaɗan da Samaru a kan hanyar Funtuwa, yana kuwa da sashen haƙori. A fara daga can. Ku sani ba kowane likitan haƙori ne gwanin waya ba. Ƙarin karatu ne na shekaru bayan digiri. Makarantar likitocin haƙori ta farko a ƙasar nan an buɗe ta a Legas a 1966, har yanzu kuwa gwanayen waya kaɗan ne, yawancinsu suna manyan birane. Saboda haka kada ku yi mamaki in an tura ku Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Abuja.

Ƙarancin nan shi ya buɗe wa 'yan damfara ƙofa. Ana sayar da wayar ado ta intanet, waɗansu masu shagon kitso da kwalliya suna manna wa 'yan mata da araha. Ba hoto, ba awo, ba a tafasa kayan aiki. Wayar ado ma tana jan haƙori, sai dai ba wanda ya san inda take kai shi. Ana samun haƙori ya yi girgiɗi, dasashi ya yi ruwa, wani ma ya haɗiye ƙarfen. Haka kuma kada a yarda yara su ɗaura zare ko robar gashi a haƙori don rufe giɓi. Robar takan zame ta shige ƙarƙashin dasashi, ta ci saiwa, haƙoran gaba biyu su zube.

Aikin taro mai zuwa

Kowane gida a zaunar da yara 'yan shekara 6 zuwa 13 a hasken rana, a wanke hannu, a duba baki. A nemo babban mataunin nan na can ciki, sama da ƙasa, dama da hagu, a ga ko ya yi baƙi ko rami. A sa yaro ya haɗa haƙora, a ga ko leɓe yana rufewa ba tare da ya matsa ba. Magatakarda ya rubuta yawan yaran da aka ga wani abu a bakinsu, ma'aji kuma ya binciko kuɗin mota guda zuwa Shika, domin a kai su rana ɗaya kafin ruwa ya sauka.